Yadda Za Ku Kafa Tanti A Gindin Dutse, Kai Da Uwargida

Ku isa da sauran rana, domin kafa tanti cikin duhu wahala ce zalla.

1. Ku nemi wuri mai ɗan tudu, nesa da busasshen rafi. Ruwan da aka yi can saman dutse yakan gangaro cikin dare ba sallama.
2. Ku share tsakuwa, ku shimfiɗa leda.
3. Ɗaya ya riƙe tanti, ɗaya ya zura sanduna. Ƙofa ta ba iska baya.
4. Ku buga turaku a karkace, kawunansu na kallon waje, sannan ku ja igiyoyi tamau.
5. Komai sanyi, kada ku kunna risho ko gawayi a ciki. Gubar da wutar ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.
6. Da safe, ku zazzage takalmanku kafin hawa dutse, saboda kunama.