Yadda Ake Shirya Katin Gayyatar Aure da Abubuwan da Ke Rakiyarsa

Ba a zuwa wurin mai buga kati sai an sa rana, kuma manyan ɓangarorin biyu sun tabbatar da wuri da lokacin ɗaurin aure. Wannan shi ne sharaɗi na farko, domin katin ɗaurin aure magana ce ta iyaye, ba ta ango da amarya ba, ko da kuwa su ne suka biya kuɗin bugawa. Saboda haka ne ake buɗe shi da sunayen gidaje biyu, a ce iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatarku zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, sannan sunan ango da na amarya su biyo baya. Idan mahaifin ɗayansu ya rasu, a sa "marigayi" gaban sunansa, kuma a tambayi dangi ko za a ambaci waliyyin da ya tsaya a madadinsa. A kula da laƙabi da sarauta ƙwarai, domin mantawa da "Alhaji" ko "Malam" ko sarautar wani dattijo yakan jawo ɓacin ran da zai daɗe bayan an gama biki.

Sai rana da lokaci da wuri, inda a nan ne aka fi yin kuskure. A rubuta sunan ranar tare da kwanan wata, a duba kalanda a tabbatar sun dace da juna. Wanda yake son ya haɗa da kwanan watan Musulunci ya tuna cewa watan yakan yi kwana 29 ko 30 gwargwadon ganin jinjirin wata, kuma a Najeriya sanarwar fadar Sarkin Musulmi ake bi. Idan har ba a shiga watan da za a yi auren ba, abin da kalanda ta nuna yana iya saɓawa da kwana guda. A ganina, gara a dogara da sunan ranar da kwanan watan boko, a bar na Musulunci ya zama ƙari. Haka nan "bayan sallar Juma'a" kaɗai bai wadatar ba, tun da masallatai sun bambanta a lokacin tayar da salla, don haka a faɗi sunan masallacin da unguwarsa da ƙarfe nawa. Idan a ƙofar gida za a ɗaura, a ba da kwatance da abin da kowa ya sani, kamar makaranta ko gidan mai, tare da lambar wayar mutum biyu waɗanda lallai za su ɗauka a ranar.

Akwai batun rubuta Bismillah ko ayar Alƙur'ani a saman kati. Niyyar mai kyau ce, amma duk wanda ya ga harabar masallaci bayan an watse ya san inda katuna da yawa suke ƙarewa, kuma saboda haka malamai da dama suke ba da shawarar a bar su. Roƙon addu'a daga wanda bai samu halarta ba ya isa ya rufe katin.

Katin ɗaurin aure na maza ne, kuma shi ake bugawa da yawa a takarda madaidaiciya. Na mata daban yake, domin shi ke ɗauke da jerin shagulgula kamar kamu da sa lalle da wuni da walima da kai amarya, kowanne da ranarsa da wurinsa da ankon da za a sa idan akwai. Kada a cusa na maza da na mata a kati guda. Idan za a yi liyafa a zauren da kujerunsa ƙidayayyu ne, a buga ƙaramin katin shiga, a rubuta a fili cewa na mutum ɗaya ne, kuma yawansa kada ya wuce adadin kujerun.

Game da takarda, girman A5, wato rabin takardar A4 da aka saba yin fotokwafi da ita, ya wadatar ga babban kati, A6 kuma, wato rabin A5, ga katin shiga. Kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita (gsm) yana tsayawa da kyau a hannu, ba ya lanƙwashewa cikin aljihu. A sayi ambulan daidai da girman katin tun kafin a yanka shi. Kafin a buga gaba ɗaya, a nemi samfuri guda a kan ainihin takardar, domin launin da ake gani a kwamfuta ba lallai ne shi zai fito ba, sannan a kai wa wani babba daga kowane gida ya karanta. A duba haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, saboda salon rubutu na ado da yawa ba su da su, sai su fito a matsayin akwati ko su ɓace.

Kayan rabo irin su kalanda da littafin rubutu da mafici da sitikar da ake liƙa wa robobi da jakunkuna suna iya jira, tun da sai ranar biki ake buƙatarsu. Abin da ya kamata shi ne a ba mai zane su tare da katin, domin launi da rubutun suna su zo iri ɗaya.

Rabon kati ya fara kamar mako biyu zuwa uku kafin ranar, na nesa kuma a riga sanar da su. Tura hoton kati ta WhatsApp ya dace da abokai da abokan aiki, amma bai dace da kawu ko gwaggo ko limamin unguwa ba. Waɗannan ana taka ƙafa a je, a gaishe su, a miƙa katin tare da goro da alewa, a faɗa da baki. A ajiye katuna kamar ashirin a gida, domin har ana gobe ɗaurin aure iyaye suna tuno waɗanda ba a kai wa ba.