Yadda Ake Tafiyar da Digirin Haɗaka na Injiniyancin Kwamfuta da Kimiyyar Kwamfuta

Wannan karatu kamar tsani ne mai matakai da yawa. A matakin ƙasa akwai transisto, ɗan makunnin da ko ya bar wuta ta wuce ko ya tare ta. A can sama akwai manhajar da mutum ke taɓawa da yatsa. Injiniyan kwamfuta yakan faro daga ƙasa ya hau, mai kimiyyar kwamfuta yakan faro daga sama ya sauko, shi kuwa mai digirin haɗaka ana so ya hau ya sauka bai tsallake mataki ba. Ribar digirin tana tsakiyar tsanin, inda gangar jikin na'ura ke haɗuwa da manhaja: harshen C, tsarin ginin kwamfuta, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, da ƙananan kwamfutocin da ake binnewa cikin mota ko injin wanki. Duk ɗalibin da ya wuce waɗannan kwasa-kwasan da haddar dare ɗaya, rabi biyu zai fita da su, kuma rabin nan ba za su haɗu su zama ɗaya ba.

Kafin rajistar kwas ko ɗaya

Nemi kundin tsarin karatun sashen, ka samu babbar takarda, ka zana kowane kwas da kibiya zuwa kwas ɗin da ba a shiga sai an ci shi. Za ka ga sarƙoƙi kusan uku sun fito. Ta farko ta taso daga kalkulas, ta bi ta nazarin da'irar lantarki, ta kai ga nazarin sigina. Ta biyu ta taso daga koyon rubuta manhaja, ta bi ta tsarin adana bayanai, ta kai ga algoridim. Ta uku ta taso daga lojik na dijital, ta bi ta tsarin ginin kwamfuta, ta kai ga babbar manhaja. Sarƙar da ta fi tsawo ita ke yanke shekarar da za ka kammala. A jami'o'i da yawa wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake bayar da su a shekara, don haka faɗuwa ɗaya a farkon sarƙa na iya cin shekara guda cur, ko da makinka a sauran yana da kyau.

Sannan ka auna nauyin. A ECTS, tsarin ƙirga makin karatu na jami'o'in Turai, shekara ɗaya maki 60 ce, kowane maki kuma awa 25 zuwa 30 na aiki, wato awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara. A Amurka digirin farko yakan kama daga maki 120, na injiniyanci kuma yakan ɗara haka. Da yake an cusa darussan dole na sassa biyu cikin wannan lokaci, gurbin kwas na zaɓi kaɗan ne ya rage, sai a yi tsimi da shi. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani wajen rajista: kada ka haɗa kwasa-kwasai masu ɗakin gwaji ko babban firojet fiye da biyu a zango ɗaya. Makin da aka rubuta a kundi ba ya nuna daren da aiki zai ci. Kwas ɗin babbar manhaja da na tsara da'irar dijital kowannensu kan cinye lokacin kwas biyu na takarda da biro.

Ka kuma tambayi abu biyu a rubuce. Shaidar kammalawa ɗaya za a ba ka mai suna biyu, ko biyu daban? Kuma wace hukuma ta tantance shirin? ABET, hukumar tantance irin waɗannan shirye-shirye ta Amurka, alal misali, tana da kwamiti na injiniyanci daban da na ilimin kwamfuta daban, kuma shiri na iya samun amincewar ɗaya kawai. Wanda ke da niyyar yin rajistar ƙwararren injiniya a wata ƙasa ya duba ko hukumar da ta tantance shirin tana cikin Yarjejeniyar Washinton ta 1989, wadda ta sa ƙasashen da suka sa hannu ke karɓar digirin injiniyancin juna.

Lissafi iri biyu ne

Ɓangaren injiniyanci yana son lissafin abin da ke gudana ba yankewa: kalkulas, lambobin kwamfiles, dabarun Laplace da Fourier. Ɓangaren kimiyyar kwamfuta yana son lissafin abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya: lojik, kafa hujja, ƙidayar hanyoyi, zanen alaƙa tsakanin abubuwa. Aljabrar matiris da lissafin yiwuwa suna yi wa duka biyun aiki, don haka a ba su haƙƙinsu. Abin mamaki, waɗanda suka zo da iya rubuta kod tun daga sakandare su suka fi tuntuɓe a kashi na biyu, domin sun saba da "na gwada ya yi aiki", malami kuwa cewa yake a kawo hujjar da ta nuna zai yi aiki a kowane hali. Maganinsa rubuta hujja da hannu, biyu ko uku kowane mako, a kai wa wani ya nemo inda ta yoye.

Tsakiyar tsanin

Yawancin jami'o'i da Python ko Java suke fara koyarwa. Babu laifi, amma kafin ƙarshen shekarar farko ka kama C da kanka, ko ba a sa ka ba. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro shi a Bell Labs wajen 1972, kuma har yau da shi aka rubuta mafi yawan zuciyar babbar manhajar Linux. Python yana ɓoye maka ma'adanar kwamfuta, C kuwa yana danƙa maka ita: kai za ka nemi wuri, kai za ka mayar, in ka rubuta bayan iyakar jerin da ka ware babu mai tsayar da kai. Ka zauna da manunin adireshi, wato foyinta, har sai ka iya zana a takarda abin da ke cikin ma'adana bayan kowane layi.

A ɗaya gefen kuma lojik na dijital ke tasowa. Tun 1937 Claude Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu a MIT cewa aljabrar George Boole, mai gaskiya da ƙarya kawai, ta isa a tsara da'irar makunnai da ita. Daga ƙofofin AND da OR da NOT za ka gina na'urar tara lamba, daga nan ma'ajiyar bit ɗaya (wato 0 ko 1), daga nan rajista, wato jerin irin waɗannan ma'ajiyoyi mai riƙe lamba guda. Yi wannan a manhajar kwaikwayo irin Logisim tun kafin a kai ka ga Verilog ko VHDL, harsunan da ake siffanta da'irar dijital da su.

A Verilog ne masu iya kod ke shan kashi. Rubutun yana kama da C, sai mutum ya ɗauka layi na bin layi. Ba haka ba ne, wayoyi kake siffantawa, kuma dukkansu suna aiki lokaci guda. Kurakurai biyu ne ke maimaituwa kowace shekara. Na farko, a da'irar da ba ta da agogo mutum ya rubuta sharaɗi bai faɗi abin da zai faru in sharaɗin bai cika ba. Sai manhajar haɗawa, wadda ke mayar da rubutun ya zama da'ira, ta ƙirƙiro masa ma'ajiyar da bai nema ba don ta riƙe tsohuwar ƙima. Na biyu, amfani da alamar = a ɓangaren da ke bin bugun agogo, inda <= ya kamata; sai kwaikwayo ya nuna abu ɗaya, allon FPGA, wanda ake ɗora wa da'irar don gwada ta a zahiri, ya yi wani. Karanta gargaɗin da manhajar haɗawa ke fitarwa, ko sun kai ɗari. Galibi amsar tana ciki.

Aikin da ke ɗinke karatun nan shi ne gina ɗan ƙaramin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarni, da hannunka, ka rubuta masa shiri cikin harshen asembili, wanda ke jera umarnin furosesa ɗaya-ɗaya, ka ga ya gudana. Jami'o'i da dama yanzu RISC-V suke amfani da shi, tsarin umarnin da aka faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, domin buɗaɗɗe ne kuma ainihin umarninsa ba su kai 50 ba. In shirinku bai tilasta wannan aiki ba, ka ba shi gurbin zaɓi ɗaya.

Ga misalin abin da mai ido biyu ke gani. A ajin algoridim za a koya maka cewa neman abu cikin jeri mai miliyan ɗaya da aka tsara, ta hanyar raba shi biyu-biyu, mataki 20 kacal yake ci. Wannan ilimin sama ne. Amma ɗauki babban teburin lambobi a C, ka tara su layi-layi, sannan ka sake tarawa ginshiƙi-ginshiƙi. A takarda aikin ɗaya ne, a agogo kuwa na biyun na iya ninka na farko sau da yawa. Dalili yana ƙasan tsani: furosesa ba ya ɗauko lamba ɗaya daga ma'adana, guntu yake ɗaukowa, yawanci bayit 64, ya ajiye kusa da shi. C yana jera tebur layi bayan layi, don haka mai bin layi yana cin abin da aka riga aka ɗauko, mai bin ginshiƙi kuwa kullum sai an koma ɗauko sabo.

A kan teburin gwaji

Kayan farawa ba su da yawa: allon gwaji mai ramuka, wayoyin haɗi, mitar awon wuta, rizisto iri-iri, ƙananan ƙwayayen LED, da allon ƙaramar kwamfuta irin Arduino Uno R3. Osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, da allon FPGA na ɗakin gwajin jami'a sun wadatar. Shi Uno yana ɗauke da guntun lantarki (chip) ATmega328P mai gudun megahaz 16, da ma'adanar aiki kilobayit 2 kawai, kuma wannan ƙuncin shi ne darasin.

Kada ka haɗa LED da ƙafar allon kai tsaye. Ƙafar tana ba da bolt 5, jan LED yana cin kusan bolt 2, saura 3. Rizisto mai om 220 zai bar kusan miliamf 14 ya wuce, wanda ke ƙasa da 20 ɗin da aka shawarta wa kowace ƙafa. Ƙafar shigarwa da ba a ɗaure ta da komai ba tana shawagi, tana karanta 0 da 1 yadda ta ga dama, har kusantar hannunka na iya canza ta; a ɗaure ta da wayar bolt 5 ta hanyar rizisto mai om 10,000 ko a kunna na cikin guntun. Maɓalli kuma in an danna shi ƙarfensa yana ɗan tsalle na 'yan milisakan, sai dannawa ɗaya ta ƙirgu biyar. A jira milisakan 20 kafin a amince da karatun. Kowane guntu a sa masa kafasito mai nanofarad 100 dab da ƙafar wutarsa, in ba haka ba zai riƙa sake tashi ba dalili. Allo biyu da ke magana da juna dole su haɗa wayar ƙasa ɗaya. In rubutun da ke fitowa a allon kwamfuta ya zama tarkace, duba gudun aikawa, mai yiwuwa gefe ɗaya na kan 9600 ɗayan na kan 115200. Sannan a kiyaye da alluna irin ESP32 masu aiki da bolt 3.3: wayar bolt 5 na iya ƙona musu ƙafa.

A Uno, nau'in lambar int bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Ƙara ɗaya a kai, sai ka tsinci lamba mai ban mamaki ƙasa da sifili. Kada a raina wannan. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an tura lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16 wanda bai ɗauke ta ba. Haka kuma duk ƙimar da katsewar gaggawa (ɗan kod ɗin da ke katse babban shiri in wani abu ya faru) ke canzawa a bayan fage sai an yi mata alamar volatile, in ba haka ba mai fassara kod zai ɗauka ba ta canzawa, ya daina duba ta.

In abu ya ƙi aiki, kada ka fara da sauya kod. Tambaya ta farko ita ce a wane mataki na tsanin matsalar take. Sa mita ka tabbatar wuta ta iso kuma adadinta daidai. Duba wayar ƙasa. Sa osiloskof ka ga ko siginar na fita daga ƙafar da kake zato. Sai waɗannan sun tabbata za ka koma kan kod, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta abin da aka canza. Ajiye komai a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayil, tun daga aikin farko, har da fayilolin Verilog, domin ranar da abin da ya yi aiki jiya ya ƙi yi yau, kana buƙatar ganin bambancin layi da layi.

Shekarar ƙarshe

Zuwa shekara ta uku ka zaɓi inda za ka zurfafa: ƙananan kwamfutocin cikin na'urori, tsara guntu, tsaron intanet, mutum-mutumin inji, ko manhajar tsarin kwamfuta. Sauran guraben zaɓinka su tafi wuri ɗaya. Masu ɗaukar aiki suna ɗaukar mutum ne don gurbi takamaimai, kuma jarrabawarsu ta bambanta: kamfanin manhaja zai sa ka warware matsalar algoridim a gabansu, kamfanin guntu zai tambaye ka lokacin da sigina ke buƙata ta zauna kafin bugun agogo da bayansa. In akwai damar horon aiki sau biyu, yi ɗaya a kowane ɓangare kafin ka yanke.

Firojet ɗin kammalawa ya taɓa ɓangarorin biyu, amma a yanka shi daidai wuyansa. In za a buga allon da'ira na musamman, a ƙaddara cewa bugun farko zai zo da kuskure, a bar lokacin bugu na biyu da jiran isowar kaya. Masu manhaja a ƙungiyar kada su zauna jiran allo: tun makon farko a rubuta yarjejeniyar yadda ɓangarorin za su yi magana, wace ƙafa ke ɗauke da me, wane saƙo ke da bayit nawa, su ci gaba da gwaji a kan allon kasuwa ko manhajar kwaikwayo. A sa ranar haɗa ɓangarorin biyu a tsakiyar zango, domin haɗawar kanta takan ci makonni.