Darasi na 9: Lafiyar Hanji a Shekarun Ɗaukewar Al'ada

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba ciki gare ta ba, kuma ba shayarwa take yi ba, to al'ada ta ɗauke. Amma tun kafin a kai nan jiki yake fara canzawa. Jini ya zo wannan wata, wani watan shiru. Barci ya yi wuya. A tsakiyar hunturun Jos, kowa ya dunƙule cikin bargo, sai ki ga mace ta yaye nata, zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ɗankwali sharkaf. Wannan ba jifa ba ne, ba iska ba ce.

Wani abin da mata sukan ɓoye shi ne damuwar ciki: kumburi bayan cin abinci, yawan iska, da yin kwana biyu ko uku ba a zaga ba. Kunya kan hana mace faɗa ko a gaban likita.

Ina ruwan hanji da al'ada?

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai gidan ƙwai. Shi ke samar da wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. Sinadarin yana tafiyar da al'ada, yana taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa, yana hana gaba bushewa. Da shekaru suka ja, gidan ƙwai sai ya rage aiki, istirojin ya ja baya ƙwarai. Amma ba ya ƙarewa ƙaf, don kitsen jiki yana ci gaba da samar da ɗan kaɗan.

Ki karanta wannan wuri a hankali, ko sau biyu ne. Idan istirojin ya gama aikinsa, hanta ce ke karɓarsa. Sai ta ɗaure shi tamau kamar ƙunshin shara da za a fitar daga gida. Wani ya bi fitsari ya fita, wani ya bi ruwan matsarmama ya gangara hanji. To, a cikin hanji akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, yawansu ya kai tiriliyoyi. Galibinsu ba na cuta ba ne, aiki suke mana. Wasunsu suna iya kwance wannan ƙunshi. Wanda suka kwance, hanji ya tsotse shi ya koma jini. Wanda ya rage a ɗaure ya fita da bayan gida. Ke nan halittun hanjinki suna da hannu a yawan istirojin da ke yawo a jikinki.

Kada wani ya ruɗe ki da wannan bayani. Babu abinci, babu garin magani da zai mayar da jikinki yadda yake kina shekara 25. Masu tallan maganin wankin ciki da lasifika a bakin kasuwa zawo kawai suke sa mutum, ya rasa ruwan jikinsa a banza. Hanji abinci yake so, da ruwa, da motsa jiki.

Me halittun suke ci?

Abincinsu shi ne abin da cikinmu ba ya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye. Ma'aikatan lafiya suna ce masa faiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, kuma ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace. Mu a Jos Allah ya hore mana. Ki leƙa kasuwar Farin Gada da safe ki ga kabeji da karas da koren wake jibge a ƙasa. Gwaten acha ko na masara da ya sha alayyahu da yakuwa da gauta ya fi burodi da shayi amfani nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne surfe. Mukan surfe gero da dawa har su yi fari tas, mu kwashe dusar mu zuba wa awaki, alhali ita hanji ke nema. Ki rage surfe, ki rage tankaɗe. Wake kuma ki dafa shi da ɓawonsa. Idan yana kumbura miki ciki, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, ki fara da kaɗan har ciki ya saba.

Sanyin garin nan yana ɓoye ƙishirwa. Ki sha ruwa ko ba ki ji ƙishi ba, don faiba ba ruwa ƙara taurin bayan gida take yi.

Kindirmo yana ɗauke da halittu masu amfani, ga sinadarin kalsiyam da ƙashi ke matuƙar buƙata a wannan shekaru. Ki saya a wurin wadda kika san tana tafasa madara kafin ta kwantar, kuma kada ki cika masa sukari. Miyar kuka da zogale da riɗi su ma suna da kalsiyam.

Awara tana da nata labarin. Waken suya yana da wani sinadari mai kama da istirojin, sai dai ba shi da ƙarfi. Halittun hanjin wasu mata suna juya shi ya ƙara ƙarfi, wasu matan kuma ba su da irin waɗannan halittu. Wannan yana cikin dalilan da wata za ta ce awara ta rage mata zafin jiki, maƙwabciyarta ta ce ita ba ta ga komai ba. Ki ci, abinci ne mai gina jiki, amma ki tsane man.

Kafso daga kemis

Ciki ya ɗan murɗa, sai a aiki yaro: "Je ka ce a ba ka Flagyl." Irin wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance halitta mai cuta da mai amfani, duka yake kashewa, kuma hanji yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya murmure. Sai likita ya rubuta za ki sha, kuma ki sha yadda ya ce. Tafiyar minti 30, kwana biyar a mako, tana motsa hanji, kuma ba ta cin ko kwabo.

Yaushe za a je asibiti?

Idan kika ga jini bayan kin yi wata 12 ba al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, kada ki jira. Haka ma idan akwai jini a bayan gida, ko ya fito baƙi ƙirin, ko kina rama ba dalili, ko taurin bayan gida ko zawo ya ƙi tafiya. Ki fara da asibitin unguwarku. Idan da buƙata za su tura ki gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Idan kuma zafin jiki da rashin barci sun hana ki sakat, akwai maganin da ke maye gurbin istirojin. Likita ne zai duba ko ya dace da ke.

Aikin gida

Rubuta duk abin da kika ci jiya, daga karin kumallo har abincin dare. Ja layi ƙarƙashin wanda ke da ganye, ko wake, ko hatsin da ba a surfe sosai ba. Sannan ki amsa a littafinki: wace gaɓa ce ke ɗaure istirojin kafin ya gangara hanji? Waɗanne alamu biyu ne za su sa ki tafi asibiti ba tare da jira ba?