Yadda ake haɗa samfurin gudun ruwan teku na gaɓar Duwala a kwamfuta

Ɗaliban Garwa da Marwa da Ngaundare da ke ɗaukar bincike kan gaɓar Duwala zuwa Kiribi a Kamaru, nisa da teku ba ya hana su komai, tunda bayanan suna intanet kyauta. Wajen gyaran ƙasan teku suke kifewa.

Manhajar ita ce CROCO, reshen ROMS (manhajar lissafin gudun ruwan teku) da cibiyoyin Faransa irin su IRD da Ifremer ke kula da shi. Ɗora ta a Linux, kar ka wahalar da kanka da Windows. Bayanan da za ka zuba mata daga rumbunan intanet za ka sauko da su: zurfin teku daga GEBCO, iska da zafi daga ERA5, yanayin ruwan bakin iyakar yankin daga GLORYS12, cika da janyewar ruwa daga TPXO. Yankinka kaɗai za ka sauke, data da tsada.

To, ga inda gizo ke saƙa. CROCO tana yanka teku gida-gida, tana raba zurfinsa hawa-hawa, hawa-hawan nan kuwa ƙasan teku suke bi, inda ta gangara su gangara. A wuri mai tsananin gangare, kamar kewayen tsibirin Bioko, lissafin matsin ruwa yakan karkace, kwamfuta ta haifo gudun da babu shi a teku. Yaro ya ga kibiyoyi suna kewaya tsibirin, ya ɗauka ya gano sabon abu. Lallashe ƙasan tukuna, wato rage mata gangare a cikin samfurin: ɗauki zurfin gidaje biyu maƙwabta, raba bambancinsu da jimillarsu, kada amsar ta wuce 0.2. Sannan ka gwada. Kashe iska, kashe cikar teku, daidaita zafi da gishiri ta kowane gefe, ka bar samfurin ya yi wata guda na lissafi. Ruwan da ba a taɓa ba ya kamata ya kwanta. In ya motsa sosai, koma ka sake. Amma kar ka zarce har ka shafe bakin gangaren gaɓa.

Zuba kogin Sanaga da na Wuri, in ba haka ba gishirin saman ruwa zai fito da yawa. In lissafi ya tarwatse, rage tazarar lokacin da ke tsakanin matakan lissafin rabi. Sa samfurin ya riƙa ajiye fayil ɗin da zai ci gaba daga inda ya tsaya kowane wata na lissafi, saboda ɗaukewar wuta. Watsar da shekarar farko, ka gwada sauran da zafin saman teku na tauraron ɗan Adam. In sun yi kusa, sai ka musanya ERA5 da hasashen yanayi na GFS, GLORYS12 da hasashen teku na Mercator, ka fara da hasashen kwana uku.