Matuƙin Jirgi da Ciwon Damuwa: Yadda Ake Bayyanawa Hukuma a Amurka

Matuƙin da ciwon damuwa ko fargaba ya kama yakan yi shiru don tsoron rasa lasisi. Amma a Amurka ɓoyewar ta fi ciwon haɗari ga aikinsa: ƙarya a fom ɗin lafiya na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, na iya jawo ɗaurin shekara 5, tarar dala 250,000, da soke duk takardun tuƙi.

Fara da sauka daga jirgi. Sashe na 61.53 na dokar FAA ya hana ka tashi muddin ka san kana da larurar da za ta hana a ba ka takardar lafiya. Ka nemi magani, ka kuma gaya wa likitanka aikin da kake yi tun ranar farko, domin ba kowane magani hukumar ke karɓa ba. Tun 2010 ta amince da magungunan ciwon damuwa Prozac, Zoloft, Celexa da Lexapro, daga baya ta ƙara wasu. Magungunan kwantar da hankali irin su Xanax da Valium kuwa ba a tashi da su.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne fom mai lamba 8500-8, wanda ake cikewa a shafin intanet na FAA mai suna MedXPress. Tambaya ta 17 kan magunguna ce, 18m kan duk wata larurar ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwarka, 19 kuma kan ganin ma'aikatan lafiya cikin shekara 3 da suka wuce. Zaman neman shawara kan rikicin aure, alal misali, ba sai ka rubuta shi ba, sai in ya shafi shaye-shaye ko an tabbatar maka da ciwo. A nan a lura: wani mai ba da shawarar yakan saka sunan ciwo a takardar inshora don a biya shi. Tambaye shi abin da ya rubuta.

Kada ka miƙa wa likitan gwaji, wato wanda FAA ta ba izinin duba lafiyar matuƙa, lambar da MedXPress ya ba ka bayan ka cike fom, kafin ku zauna ku tattauna. Da zarar ya buɗe fom ɗin da ita an fara gwaji ke nan, kuma idan takardunka ba su cika ba sai ya tura maganar ga FAA, ka yi ta jira watanni. Je masa da rahoton likitanka, sunan magani, adadin da kake sha da ranar da ka fara. Mai shan magani sai ya bi ta hannun likitan gwaji mai horon HIMS, wato horo na musamman kan shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwar matuƙa, a ga ya daidaita a kan adadi ɗaya, sannan a ba shi izini na musamman. Wanda likita ya dakatar masa da maganin yakan jira kwana 60 ba tare da alamun sun dawo ba.

A Turai, bayan faɗuwar jirgin Germanwings a Maris 2015 da ya ci rayuka 150, wanda mataimakin matuƙi mai larurar ƙwaƙwalwa ya haddasa da gangan, an wajabta wa kamfanoni samar da shirin da matuƙi zai kira ɗan'uwansa matuƙi mai horo su yi magana a asirce. Manyan ƙungiyoyin matuƙa a Amurka ma suna da irinsa, kuma wannan kiran ba ganin likita ba ne, don haka ba ya shiga fom.