Kiwon Akuya a Gida: Yadda Nake Yi

In za ki fara, ki sayi jar akuya irin ta Sakkwato, mai yawan haifar tagwaye, kuma ki duba haƙoranta kafin ki biya, kada a haɗa ki da tsohuwa. Ni harawa nake tara tun kaka, lokacin da take da araha a nan Kaduna, in haɗa da dusa da ɗan kanwa.

Damina ce matsala. Akuya ba ta son danshi, sai ki ɗaga mata makwanci, ki ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata rigakafin PPR, wato wata cuta mai yaɗuwa da ke kashe awaki da tumaki.

Cikinta wata 5 ne. In ta haihu, ki bar 'ya'yan su sha dakashi kafin ki fara tatsa. Bunsurun da za ki yi wa kiwon nama kuwa, a dandaƙe shi tun yana ƙarami.