Yadda za ka rage ƙarar injin da ka ɗaura wa kekenka

Injin nan na China da ake ɗaura wa keke, wanda ake sayarwa da sunan 80cc alhali ainihin girmansa wajen 66cc ne, ɗan gida ɗaya ne da ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Duk juyi ɗaya sai fulogi ya ba da wuta sau ɗaya, shi ya sa kukansa yake da kaifi yana shiga kunne. A nan Kano, a Katsina Road ko Zariya Road, cikin hayaniyar Adaidaita Sahu da tireloli, ba wanda zai waiwaye ka. Amma ni a Gwammaja nake, gidanmu can cikin lungu, katanga hagu katanga dama, sauti ba shi da wajen zuwa sai ɗakunan mutane. Akwai tsoho marar lafiya, akwai mai jego da jaririnta, ga masallaci a bakin lungun. Haƙƙin maƙwabtaka ne ya sa na zauna na koyi wannan gyara a kan kekena da na abokan sana'a.

Abu na farko, ƙarar ba daga wuri ɗaya take fitowa ba. Yawancin mutane salansa suke tasar wa, su cusa mata duk abin da suka samu, inji ya shaƙe ya rasa ƙarfi, ƙarar kuma tana nan. Kafin ka taɓa komai, kai keken fili inda babu bango kusa, ka tayar da shi ya ɗumama, ka danne kuloci ka kulle shi. Ninka tsumma mai kauri ka rufe bakin salansa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da ka ci gaba da ji a wannan ɗan lokacin shi ne ƙarar sauran sassan, kuma za ka ga tana da yawa. Daga nan ɗauki doguwar sukundireba, ɗora bakinta a murfin gefe, kai mariƙinta kunnenka, za ka ji abin da ke gudana a ciki ƙarara. Ka dai tattare hannun rigarka.

Fara da mahaɗar salansa da silinda. Noti biyu ne ke riƙe da ita, sifana lamba 10 ce ke kama su, a tsakani kuma akwai gasket, wato ɗan abin da ke toshe mahaɗar don kada hayaƙi ya fita. Idan ka ga baƙin mai yana tsattsafowa a wurin, ko kana jin wata ƙara "tas-tas" mai kaifi daga gaban injin, to hayaƙi ne ke tserewa tun bai shiga salansa ba. Sauya gasket, ka duba ko bakin bututun ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe a goge shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri har ya daidaita. Ɗaure notin sai inji ya huce, kuma a hankali, kaɗan nan kaɗan can, domin jikin silindar alminiyon ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

Ita kanta salansar tana da murfi a ƙarshenta. Samari kan cire shi ko su huda shi wai don keke ya ƙara gudu. Gudun da ake samu bai taka kara ya karya ba, ƙarar kuwa ta ninka. In naka a cire yake, mayar da shi. Buɗe ka kankare baƙin dattin da ya daskare a ramukan ciki. In akwai sarari, naɗa soson ƙarfe na wanke tukunya, irin mai sheƙi wanda ba ya tsatsa, a kewayen bututun ciki, sako-sako, ba a cikin hanyar hayaƙin ba. Mai laushin nan kamar auduga ƙonewa yake yi, kada ka sa shi. Soson yana shan mai ya toshe bayan wani lokaci, sai an riƙa fito da shi ana wankewa ko a sauya.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne ƙara tsawon hanyar hayaƙi. Mai walda zai iya jona maka bututun ƙarfe daga bakin salansa ya bi ƙasa ya nufi tayar baya, bakinsa yana kallon ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ramin sabon bututun ya fi na asali ƙanƙanta. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu guntun bututu da maɗaurai ba tare da ka kashe kuɗi mai yawa ba. A ɗaure shi da jikin keke ta wuri na biyu, kada nauyinsa duka ya rataya a kan noti biyun silinda, don girgiza za ta karya su. Bayan an gama, hau ka gwada a wata 'yar hawa. In ka ji inji yana nishi, ko ya yi zafi fiye da yadda ka saba, to ka matse shi da yawa, sai ka rage soson.

Sai kafireta. Mutane ba sa zargin ta, amma duk lokacin da fistin ya buɗe ramin shan iska, sauti yana fitowa ta baya, kuma wannan gefen ya fi kusa da kunnen mai tuƙi. Ɗan akwatin robar da ya zo da ita, da siririn soso a ciki, ba ya tare komai. Ƙara kaurin soson, ka shafa masa mai kaɗan ka matse, ko ka jona guntuwar mesa mai faɗi a bakin akwatin ta juya ƙasa. A garinmu wannan gyara riba biyu ne, domin ƙurar hunturu da ke shiga inji ita ke cinye ringin fistin, ringin da ya ci kuwa kaɗawa yake yi. Sai dai duk abin da ya rage iska yana sauya haɗin mai. Yi tafiya ka kwance fulogi ka duba bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi ƙirin yana nufin mai ya yi yawa, sai ka matsar da ɗan maƙallin allurar kafireta tsaga ɗaya zuwa sama. Fari kuwa alamar ƙarancin mai ce da zafi, kuma wannan ya fi hatsari.

Kukan nan mai kama da fito da ke ƙaruwa da gudu, daga gefen dama yake. Kwance murfin za ka ga giya biyu, ƙarama mai haƙora 20 da babba mai 82, suna cizon juna a bushe. Sa musu giris daidai ƙwayar gyaɗa a kan haƙoran, ka juya ya bi ko'ina. Kada ka wuce haka, don in ya fantsama kan kuloci zai riƙa sulɓewa. Murfin kansa siriri ne, yana amsa amo, saboda haka yanko tsohon tif daga wajen mai faci ka manna masa ta waje da gam mai ƙarfi.

Fukafukan silinda, wato tsagin nan da iska ke bi ta sanyaya inji, su ma suna ƙara. Duba tsofaffin babura za ka ga 'yan robobi a maƙale tsakaninsu tun daga kamfani. Yanka ƙanana daga gefen tsohuwar tayar mota ka cusa huɗu ko shida, nesa da bakin salansa. Ƙanana nake nufi. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano, da rana kan kai maki 40, ba zai rufe wa injinsa hanyar iska ba. Naɗe inji da tsumma ko rufe shi da kwano kashe shi ne.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa wadda ban yarda da ita ba, wato sa roba tsakanin inji da jikin keke. Robar tana ba inji damar motsi, motsin ya ci ƙusoshin har su tsinke. Inji ya zauna daram, ƙarfe a kan ƙarfe. Wurin roba shi ne ƙarƙashin tanki, da maɗaurin madigadi, da kariya. Sarƙa kuma ta miƙe sosai tsakanin faifan gaba da na baya, ta yi wasan da bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, a riƙa sa mata mai. Ɗan gargaren da ke tallafe ta a ɗaure shi da kyau, domin in ya juya ya shiga wayoyin taya, maganar ta wuce ta ƙara.

Faifan baya da ke zuwa da injin yawanci haƙora 44 ne. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ba ka ɗaukar kaya masu nauyi, mai 40 ko 36 zai sa inji ya riƙa juyawa a hankali a gudun da ka saba, ƙara ta ragu, mai ma ya ragu. Tashi daga tsaye ne zai yi nauyi, sai ka taimaka da feda.

In kana son ka tabbatar gyaran ya yi, saukar da manhajar auna ƙara a waya, ka auna kafin gyara da bayansa, wuri ɗaya, tazara ɗaya. Raguwar desibel 10, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kunne yana jin ta kamar an raba ƙarar biyu.

Sauran kuma a ƙafarka yake. Da asuba ina fitowa da feda ne har bakin titi sannan in saki kuloci. Da dare, ko in na tarar an tayar da sallah, sai in danna makashin inji in ƙarasa da feda. Bayan kowane gyara, ka bi notuna duka da sifana a cikin makon farko, musamman na salansa, domin sabon gasket yana kwantawa in ya sha zafi, notin sai ya saki.